Motar da Ba Ta Son Gaisuwa

A garin Ƙofa, in ka ji murya daga gindin durumin kasuwa tana cewa, "Ai ku ba ku san duniya ba," ba sai ka waiwaya ba, Shitu ne ɗan marigayi Labaran. Ɗan lokaci kaɗan ya yi yana karen mota a wata lori mai kai gyaɗa Kano, aka sallame shi saboda surutu, amma in ya zauna ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa Turawa tuƙi. Mu dai mun saba da shi. In ya fara, sai mu ci gaba da ɓarar gyaɗarmu.

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka, Shitu ya yi dillanci ya sami abin da ya samu, sai ya nufi Riruwai, can wajen Doguwa, inda wani Bature mai haƙar kuza yake sayar da kayansa zai koma ƙasarsu. Mun zaci keke zai sayo, ko agogo. Sai ga shi ya dawo cikin wata mota ja wur kamar barkono, mai dogon hanci, ba rufi, kujera biyu tak, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. A goshinta akwai ɗan siffar barewa na farin ƙarfe, ta ɗaga ƙafafun gaba za ta yi tsalle. Shi kuwa gogan ya sha hular fata da wani ƙaton tabarau da Baturen ya haɗa masa gyara, ya koma kamar mujiya.

Gari ya taru. Jibrin mai jakai, wanda suka taso tare tun suna yara, ya zagaya motar ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "To, Shitu, ina ake ɗora kaya?"

"Kaya? Ka taɓa ganin an ɗora wa barewa mangala? Motar tsere ce wannan. A ƙasar Turawa fili guda ake ware mata ita da 'yan'uwanta, ba abin da suke yi sai gudu."

"Rufin fa? Ko Baturen ya tafi da shi?"

"Rufi nauyi ne. Ku ba ku san ƙira ba. Kun ga yadda ta yi ƙasa? Don iska ta bi ta kanta ta wuce, kada su yi karo. Kun ga hancin nan? Ƙarfin dawaki ɗari ne a ciki, Baturen ya faɗa da bakinsa. Wannan barewa kuwa," ya goge ta da hannun riga, "duk inda aka gan ta a duniya an san gidan da aka ƙera motar. Ba kowane mai kuɗi ake sayar wa ba, sai an duba fuskarka."

Abin da bai faɗa ba shi ne, abin da ke tayar da injinta ya mutu tun a hannun Baturen. In tana tafiya, tana tafiya. In ta tsaya cak, sai injin ya yi tari ya mutu, ba ta ƙara tashi sai an tura. Ba a daɗe ba gari ya gane, don kullum da safe sai ka ga samarin unguwa sun duƙa a bayanta suna nishi. Mahaifiyarsa, Iya Kulsum, ta leƙo daga zaure ta gani, ta ce, "Dawaki ɗari, amma 'ya'yan mutane ke tura ta. Su dawakan barci suke yi?"

"Iya, haka manyan motoci suke. Ba sa tashi a wulaƙance."

Ya kafa dokoki: ba a jingina da ita, ba a taɓa barewa, kuma kaza da daddawa ba za su shige ta ba har abada.

Ana cikin haka sai albishir ya zo daga Burumburum. Matarsa Safara'u, wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Ɗan saƙon ya ƙara da maganar surukinsa, Malam Abdussalami, malamin da ba ya magana biyu. Malam ya ce shi bayan sallar asuba yake raɗa suna, amma tun da ya ji an ce da mota za a zo, zai jira har hantsi. In hantsi ya yi ba a ga dangin uba sun kawo suna ba, zai sa wa yaro sunan da Allah ya sa a bakinsa. Kowa kuwa ya san Malam yana da sunan wani malaminsa da ya daɗe yana neman jikan da zai ɗora wa.

Iya Kulsum ta kira ɗanta ɗaki. "Abu ɗaya nake roƙo a wurinka," in ji ta. "Sunan mahaifinka za a mayar. Ba ni da wani buri da ya wuce wannan. Baffanka Ɗahiru shi zai kai sunan, shi zai faɗa wa Malam. Jibrin zai kai ni da kayan jego tun ana jibi suna, ka bari Baffa da rago da goro su bi mu."

Shitu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Iya, a ce ina da Barewa, ragon ɗana ya shiga Burumburum a bayan jaki? Ni zan kai su ranar suna. In muka tashi bayan asuba, kafin Malam ya shafa addu'a mun isa."

"Kai za ka je sunan ɗan fari? Ina kunyarka ta tafi?"

"Ba ni zan je ba, Iya. Mota ce za ta je, ni rakiya zan yi mata. In sauke su, in juya, ba wanda zai ga fuskata."

Jibrin, da ke zaure yana ɗaure buhuna, ya ɗaga murya ya ce, "In ka tsaya sauke su, surukanka ne za su tura ka?"

"Akwai gangare a ƙofar gidan Malam, na lura da shi tun ranar ɗaurin aure. Kai dai ka ji da jakanka."

"To, Allah ya sa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Iya Kulsum ta hau jaki ta tafi, ranta ba daɗi.

Ranar suna, ana idar da sallar asuba, rabin gari ya fito kallo. Shitu ya sa aka naɗe kofatan rago da tsummoki don kada ya karce fenti, aka cusa shi a ɗan ramin da ke bayan kujeru, aka ajiye kwandon goro a gefensa. Sannan aka zo kan Baffa Ɗahiru. Baffa tsohon falke ne, ya ci ƙuruciyarsa yana fataucin kanwa da ƙafa a kan wannan hanya, ba ƙauyen da bai taɓa kwana ba, ba tsohon da bai sani ba. Mutum ne da in ya tare ka da gaisuwa da safe, sai furarka ta yi tsami a hannu. Da aka zura shi cikin kujera, gwiwoyinsa suka tokare haɓarsa.

"Kai yaro, wannan zama ne, ko binne ni za ka yi da raina?"

"Haka Turawa suke zama, Baffa."

"Shi ya sa ba sa daɗewa a ƙasar nan."

Samari suka tura, inji ya kama, mota ta yi wani ruri, suka fice daga gari. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye ta don Shitu ne ba: motar nan tana gudu. Itatuwa suka riƙa wucewa kamar ana jan su da igiya. Baffa ya rungume sandarsa yana jero duk addu'ar da ya sani. Shitu na ihu cikin iska, "Baffa, wannan ma tafiyar hawainiya take yi!"

Sai iska ta sami bakin rawanin Baffa. Ta warware shi sannu a hankali, ya miƙe a bayansu kamar tuta, ya tashi sama, ya sauka a kan wata ƙaya.

"Tsaya! Rawanina!"

"Baffa, in saya maka wani!"

"In shiga gaban Malam Abdussalami da kai tsirara? Tsaya na ce!"

Shitu ya taka birki. Mota ta yi tari ta mutu. Ya shiga ƙaya ya ciro rawani, ya fito hannu duk jini. Baffa ya zauna ya naɗa shi a natse, ya warware, ya sake naɗawa don bai zauna daidai ba. Sannan aka rasa mai turi, don Baffa bai iya tuƙi ba, kuma ba shi da ƙarfin turi. Sai da wasu masu zuwa yankan dawa suka biyo hanya. Suka tura, Baffa ya kamfaci goron suna ya miƙa musu.

"Baffa, na suna ne!"

"Mutum ya yi maka wahala ka sallame shi da baki? Ba a gidanmu ba."

Ba su yi nisa ba, sai ga wani tsoho a gindin tsamiya yana wasa aska. Baffa ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, amma kafin sallama ta fito mota ta wuce fuu. Nan take sanda ta sauka a kan hular fata, ƙwal.

"Ka san wanda ka wuce? Sale wanzami ne! Shi ya aske ka ranar sunanka! Koma baya!"

Shitu ya tsaya, mota ta mutu. Ya laluba ribas inda ya san na lori yake, ba ya nan. Ya gyara tabarau ya ce, "Motar tsere ba ta komawa baya, Baffa. Ba don haka aka yi ta ba."

"To, mu da aka yi mu da ƙafa sai mu koma."

Suka tako har gindin tsamiya. Shitu ya cire takalmi ya durƙusa. Baffa da Sale suka kama: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar nan taka, ya aka ji da ruwan bana, ina labarin wane, ashe wane ya rasu, Allah ya ji ƙansa, a yi masa fatiha. Shitu yana durƙushe yana satar kallon gabas, inda rana ta fara leƙowa.

Da aka zo sallama Sale ya ce, "Burumburum kuka ce? Alhamdu lillahi. Ga zakaran nan, a kai wa 'yata, tana aure a bayan masallaci."

Kafin Shitu ya yi magana, wata dattijuwa mai suna Tasalla ta fito daga gidan da ke gefe da ƙwarya a lulluɓe. Warin ya riga ta isowa. "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, daddawa ce, ƙanwata za ka ba."

"Baffa," in ji Shitu a hankali, "motar nan tun da aka ƙera ta ba ta taɓa..."

"Saƙo ake ƙi? Karɓi."

Zakara ya hau cinyar Baffa, daddawa ta zauna tsakanin ƙafafun Shitu. Jikokin Sale suka tura, aka ba su goro.

Daga nan sai abin ya zama kamar an yi shela. Ranar kasuwa ce a wani ƙauye na gaba, hanya cike da mutane, kuma duk mai furfura abokin Baffa ne. Wannan sun yi fatauci tare, wancan ya taɓa ba shi masauki, wancan kuma ƙanin matarsa ta fari ne. Kowace gaisuwa tsayawa ce, kowace tsayawa turi ne, kowane turi goro ne, kuma da wuya a rabu ba a ƙara musu ɗan ƙunshi ba. Aka ɗaura damin rama a kan dogon hancin nan, aka rataya gorar man shanu a wuyan barewa. Motar, wadda da ma a ƙasa take, ta ƙara yin ƙasa.

Shitu ya ga rana ta ɗaga, sai dabara ta zo masa. Da suka hango dagacin wani ƙauye zaune da mutanensa a gindin wata ƙatuwar kuka, ya ce, "Baffa, wannan karon ba sai mun tsaya ba. Zan riƙa zagaya kukar a hankali, kai kuma kana gaisawa. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

Bai jira amsa ba ya karya sitiyari.

"Salamu alaikum!" in ji Baffa, mota ta bi bayan kuka da shi.

Dagaci ya waiga hagu, ya waiga dama. "Wa alaikumus..." sai ga su sun ɓullo ta ɗaya gefen.

"Ranka ya daɗe, ina kwa..." suka sake ɓacewa.

"Ɗahiru ne? Ɗahiru, lafiya?"

"Lafiya lau! Ina iya..."

Suka yi ta zagaye kamar shirwa ta ga 'yan tsaki. Mutanen dagaci suna juya wuya har wani ya faɗo daga kan turmi. Rago ya fara kuka, zakara ya kuɓuce ya hau kan hular Shitu yana fuka-fuki, Baffa ya ji duniya na juyawa ya riƙe bakinsa. Dagaci ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Ɗahiru! Ni za ka gaisar daga sama kana kewaya ni? Yaushe muka fara haka da kai?"

Sanda ta sake sauka, ƙwal. Mota ta tsaya, ta mutu.

Wannan tsayawa ta fi duk na baya tsawo, don sai da aka ba da haƙuri kafin a fara gaisuwar daga farko. Aka kuma gano yayan dagaci ya rasu da damina, Baffa bai sami zuwa ta'aziyya ba, sai aka shiga cikin gida aka yi wa mata. Aka fito, dagaci ya ce ba za a ce baƙi sun zo ƙofarsa sun tafi da ƙishirwa ba, a dama fura. Shitu ya kafa kai ya shanye tasa kamar mai shan magani. Baffa kuwa ludayi-ludayi yake sha, yana yabon nonon.

Da aka tura su suka fita, Shitu ya leƙa kwando, goro ya koma ɗan tsiraru a gindi. Ya ce a ransa mutane ne matsalar hanyar nan, to, a bar musu hanyarsu. Ya hango burtali ya ratsa daji ya nufi kudu, ya saki hanya ya bi shi.

"Ina za ka kai mu? Wannan hanyar shanu ce!"

"Yanke ne, Baffa. Nan ba wanda za ka gaisar."

Da farko abin ya yi kyau. Sai wani dutse ya daki cikin motar, salansar hayaƙi ta faɗi a baya, ƙararta ta koma kamar ana harba bindiga. Shitu ya ce, "Ka ji ainihin muryarta ke nan!" Bai rufe baki ba suka iso inda shanu suka tattake gefe biyu suka bar tudu a tsakiya. Motar da aka ƙera don iska ta bi ta kanta ta hau tudun nan da ciki, ta zauna daram. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a iska, sannan ta yi tari ta yi shiru.

Rago ya ga dama ta samu. Ya tsinke igiya, ya dira, ya ruga da tsummokaransa a ƙafa, ya shige cikin garken tumakin wani Bafillace da ke kiwo a gefen burtali.

Baffa ya fito da ƙyar, ya miƙe ƙugu, ya dubi Bafillacen, fuskarsa ta washe. "Jam waali!" in ji shi. Ashe har da uban wannan ya taɓa cinikin kanwa. Suka tsuguna suka kama gaisuwa da Fillanci, Shitu kuwa yana can cikin tumaki yana faɗuwa yana tashi, yana kama wannan ya ga ba shi ba ne. Da ya cafko ragon ya ɗaga kai, sai ya ga inuwarsa ta taƙaice ta dawo gindinsa. Hantsi ya daɗe da wucewa. Ya tuna fuskar Iya a ɗaki, amma ko a nan bakinsa bai mutu ba.

"Malamai ba sa cika gaggawa," ya ce wa Baffa. "Zai jira."

"Abdussalami? Ko liman ya makara ba ya jiransa."

Bafillacen ya yarda ya ja su da takarkarinsa biyu. Goro ya ƙare, don haka ya nuna hular fata da tabarau. Shitu ya cire ya ba shi kamar ana zare masa rai. Aka rasa inda za a ɗaura igiya a wannan sulɓaɓɓen hanci, Bafillacen ya zarga ta a wuyan barewa, ya daka wa shanu tsawa. Ƙaras! Barewa ta yi tsallen da ta daɗe tana shiri, ta faɗa cikin ciyawa. Shitu ya tsince ta ya sa a aljihu. Aka ɗaura a ƙarfen ƙasa, aka ja, mota ta sauko daga tudu tana kuka.

Baffa ya ce shi da motar nan haihata-haihata, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Aka ɗaure rago a kujerar Baffa.

Haka mutanen Burumburum suka gan su wajen la'asar: tsoho a gaba yana ɗaga wa kowa hannu, Bafillace da tabarau yana kora shanu, jar mota a baya tana tafiyar amarya, Shitu a sitiyari, rago a gefensa zaune kamar shi ne mai motar. Yara suka ɗauki ihu. Wani maroƙi da ya ci naman suna ya ƙoshi ya tare su yana kirari, "Ga mai mota, angon ƙarni! Wanda shanu ke yi wa zagi! Ka tashi da asuba ka iso da la'asar, sannu da sauri!"

Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Malam, Jibrin a cikinsu yana sakace. Shitu ya ga idanu sun yi yawa, ya ga kuma ga gangaren nan da ya daɗe yana taƙama da shi. Ya ce a ransa ko ba komai a ji muryarta. Ya sa aka kwance shanu, ya saki birki, mota ta gangara, ya sa giya.

Ta kama. Ta yi wata ƙara kamar aradu, tabarmi ta watse, tsofaffi suka bar takalma. Rago ya zabura ya faɗo kan sitiyari, Shitu ya daina ganin gabansa, ya nemi birki ya taka totur. Mota ta bi ta gefen zaure, ta kwashe dangar zana, ta shiga tsakar gida, ta tsaya da hancinta a tsakanin tukwanen tuwo. Ta yi tari ta mutu.

Allah ya kiyaye, ba wanda ta taɓa. Amma mutumin da ya ce ba wanda zai ga fuskarsa, ga shi a tsakiyar matan suna, ƙwaryar daddawa ta kife a cinyarsa. Ga surukarsa riƙe da muciya. Ga Safara'u a bakin ƙofar ɗaki da jariri, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Ga Iya Kulsum a kan tabarma, ita kaɗai ce ba ta motsa ba.

Malam Abdussalami ya tako ta inda danga ta faɗi, carbi a hannu, maza na biye da shi. Shitu ya fito ya zube a ƙasa.

"Sannu da zuwa," in ji Malam. "Da ma ta ƙofa ka shigo, a buɗe take."

"Allah ya gafarta Malam, hanya ce..."

"Na ga alama."

Baffa ya iso yana haki. A karo na farko a rayuwarsa ya tsallake gaisuwa. "Malam, an raɗa?"

"An raɗa da hantsi, kamar yadda na ce. Ragona na yanka."

"Wane suna aka sa?"

Malam ya ja carbi ɗaya, ya ce, "Na duba cikin maza ban ga dangin uba ba. Jibrin ya matso zai yi magana, na ce masa suna ba a bakin maƙwabci yake ba. Na buɗe baki zan sa nawa, sai na ji murya daga bayan dangar nan da ka rushe, ta ce, 'Labaran.' Na ce wa ya yi magana? Aka sake cewa, 'Labaran.' Da ƙarfi, har na bayan sahu suka ji. To, shi na raɗa."

Duk aka juya ga Iya Kulsum. Mata suka sunkuyar da kai, don kowace ta san nauyin abin. Matar kirki a ƙasar nan ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu.

Iya ta dubi ɗanta, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Tun ranar da aka kai ni gidansa ina yarinya har ranar da aka fitar da shi, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ko a ɗaki, mu biyu. Yau na faɗe shi a gaban mazan wani gari, har sau biyu, saboda kai kana can kana nuna wa duniya mota."

Shitu ya buɗe baki. Duk wanda ya san shi ya gyara tsayuwa, ana jiran a ji laifin hanya ne, ko na rawani, ko na Baturen. Ya rufe bakin. Ya rarrafa ya matsa kusa da tabarmarta, kansa a ƙasa.

"Iya, ki yafe mini."

Ta dube shi. Sannan ta sa hannu ta cire masa gashin zakara daga ka. "Na yafe. Tashi ka gyara wa mutane dangarsu."

Ya ji sanyi a ransa, ya share ido. Amma hali zanen dutse. Bai gama miƙewa ba sai bakin ya dawo. "Iya, gobe in Allah ya kai mu ni zan mayar da ke gida da kaina. In aka tura ta da sassafe, kafin ki..."

"A'a, ɗan nan," in ji Iya Kulsum. "Ni sauri nake yi."